Ɗalibai Sun Hana Mu Barci a Leeds

Daren Laraba ne fa, ba ma ƙarshen mako ba. Ƙarfe biyu da rabi bangon ɗakinmu yana girgiza da kiɗa, jaririyarmu ta farka karo na uku, ni kuma ƙarfe bakwai zan karɓi aiki. Na zura jallabiya na fita cikin sanyin Oktoba na buga ƙofar maƙwabta. Wanda ya buɗe wani saurayi ne sanye da rigar wasa mai siffar ayaba tun daga kai har gwiwa, riƙe da gwangwanin giya. Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, har ya ce in shigo in sha wani abu. Aka rage sautin. Ban gama jan bargo ba ya dawo yadda yake.

Sai mutum ya ga unguwarmu ta Hyde Park a birnin Leeds na Ingila zai gane. Gidajen jan bulo ne tun zamanin Sarauniya Victoria, a jere, manne da juna, bango ɗaya ya raba gadonka da falon wani. An gina su ne don iyalan ma'aikata. Da jami'o'in garin suka cika, masu gidaje suka yanka falo da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da na saman rufi suka mayar da su ɗakunan kwana, gidan iyali ɗaya ya koma na ɗalibai shida ko bakwai. Ranar Asabar kuwa akwai abin da suke kira Otley Run: samari da 'yan mata cikin shigar ban dariya, wani likita, wani kada, suna bin gidajen giya fiye da goma ɗaya bayan ɗaya daga unguwar Headingley har tsakiyar gari. A ƙarshen Yuni haya take ƙarewa, lungu ya cika da katifu da tukwane da karyayyun kujeru, a Satumba wasu sababbi su sauka. Maƙwabcin da ba zai wuce shekara ba, me zai sa ya ji kunyarka?

Da safe wata tsohuwa Baturiya da ta haura shekara arba'in a layin ta tare ni. Ta ce kada in ƙara buga ƙofa, in kira lambar koke, in riƙa rubuta rana da lokaci a takarda. Akwai dokar hayaniya ta 1996 da ta ware ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, kuma hukuma tana iya ba su takardar gargaɗi, idan suka ƙi ji a ƙwace lasifikar. Gaskiya doka ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Wato tsakanina da wanda nake jin tarinsa ta bango sai da lambar waya da takarda.

Na san wani zai ce kai da ka fito daga ƙasar janareta kake kukan hayaniya. Haka ne. Na yi zaman ɗalibta a Samaru, na san ƙarar janareta, na san kiɗan biki da ake tare layi a kai tsakar dare. Sai dai a can ka san mai bikin, wataƙila ma an aiko maka da tuwon. Kuma mu ɗalibai da muke haya a cikin gari, mai gidan yana nan a sashensa, idan muka wuce gona da iri gyaran murya ɗaya daga zaure ya isa. Ba a kai ga mai unguwa ba. Ka san gobe da asuba a sahu ɗaya za ku tsaya da dattijon, da wane ido za ka dube shi? A nan mai gidan ba wanda ya taɓa ganinsa, kamfanin dillalai ke karɓar masa kuɗi. Ɗaliban ma an yafe musu harajin ƙaramar hukuma da mu muke biya, mu ne kuma masu tsallake fasassun kwalabe a hanyar masallacin Makkah Masjid.

Yaran ba mugaye ba ne. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa taya matata ɗaga keken jaririya a matakala. Amma har yau bai san sunana ba, ni ma ban san nasa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba kiɗan ba ne. Ranar sunan yarinyar nan mu tara ne a falo. Naman ragon a leda aka kawo shi daga shago. Da matar abokina ta ɗaga murya za ta yi guɗa, ni da kaina na ɗaga mata hannu na ce ta yi a hankali, kada mu dami maƙwabta. Mahaifiyata tana kallo ta waya daga Zariya, ta tambaye ni ko mutanen ba su iso ba ne tukuna.