Tawadar da ke yatsan yaro shaida ce

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, masu rataya akwatin sanyi na rigakafin shan inna kuna bin gida-gida a Gusau, Ƙaura Namoda, Talata Mafara da ƙauyukan Anka. Na san wahalarku: rana, ƙura, fargabar hanya, ga kuɗin alawus da ba ya zuwa a kan lokaci. Duk da haka akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai.

Wasunku kan isa gida, maigida ya ce ba ya so, sai a daidaita a zaure. A shafa wa yara tawada a ƙaramin yatsa, a ja alli a bango, a cika takarda, ba tare da ɗigo biyun nan sun shiga bakin kowa ba. Maigida ya huta da zuwan mai unguwa, ku kuma lissafinku ya cika. Ku ji tsoron Allah. Wannan shaidar zur ce, kuma a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba kuka yi ta. Takardar nan daga hannunku take zuwa ƙaramar hukuma, ta wuce Gusau, ta kai Abuja, a duba a ce unguwar nan an gama da ita, kada a koma. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, amma wani nau'inta da ya rikiɗe yana nan yana yawo a Zamfara da Sakkwato da Kebbi, kuma yaran da aka tsallake yake nema. Ranar da ƙafar yaron ta shanye, wa zai tsaya gaban uwarsa?

Shi ma uban da ya ƙi, kada ku ɗauke shi jahili. Tsoronsa yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 suka shiga, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, har da tamu, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ɓoye gaskiya sau ɗaya, shekara kusan talatin ana biyan bashinsa. In ya tambaye ku me ya sa ake bin sa da ɗigo kyauta alhali asibitin garinsu babu maganin zazzaɓi, tambaya ce mai nauyi, kada ku yi masa tsawa, kada kuma ku ce za a kawo masa 'yan sanda. Ku zauna ku gaya masa abin da kuka sani.

Mu a nan mun ga abin da tsoro yake haifarwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Dareta, 'Yargalma, Abare da maƙwabtansu, saboda dutsen zinariya da ake dakawa a turmi ana niƙawa a cikin gidaje. Wasu iyayen sun riƙa ɓoye mutuwar 'ya'yansu don gudun kada a hana haƙar da suke ci da ita. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zauna da hakimai da masu gari, mutane suka saki jiki, sannan aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka fara ba yara magani. Bagega kuwa sai 2013 aka share ta, yara suna jira.

Sai kuma wayar da ke hannunku. Yaro mai tamowa, ko mace a kan gadon haihuwa, ba abin ɗauka a ɗora a Facebook ba ne, ko da niyyar neman taimako, sai da yardar masu shi. Sunan wanda aka gwada aka samu da tarin fuka ko ƙanjamau kuwa, ko matarka ba ta da haƙƙin ji daga bakinka.

Idan gida ya ƙi, ku rubuta ya ƙi. Mai duba aikinku zai ɓata rai, ƙila ma ya ce kun gaza. Ku bar yatsan yaron yadda kuka same shi, don gobe ungozoma ko liman ko mai unguwa su san ƙofar da za su koma su yi sallama.