Littafinka na farko: kamfanin ɗab'i ko aljihunka?

A makon jiya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo mini saƙo cewa ta kammala ƙagaggen labarinta na farko bayan shekara biyu tana fama da shi, tana neman shawara ko ta kai wa kamfanin ɗab'i ta jira hukuncinsu, ko kuwa ta tara kuɗi ta buga abinta. Na ba ta amsa a taƙaice a lokacin, amma da na sake nazari sai na ga amsar ta yi gajarta, kuma tun da ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba, gara in baje maganar a nan.

Mu fara da sanin abin da ake kira kamfanin ɗab'i na ainihi. Shi ne wanda zai karɓi rubutunka ya karanta, in ya yi masa ya ɗauka, in bai yi ba ya mayar maka, sannan idan ya ɗauka shi zai biya mai tacewa da mai zanen bango da kuɗin takarda da na maɗaba'a, shi zai kai littafin shaguna da makarantu, kai kuma a riƙa ba ka kasonka daga abin da aka sayar, wanda galibi ba ya wuce kashi 10 cikin 100 ko kusa da haka. Mun taɓa samun irin wannan tsari a Zariya. Gasar rubutu da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a 1933 ita ce ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa da Bello Kagara a matsayin marubutan ƙagaggun labarai, daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na Arewa, wato NNPC, ya zo a 1966. Sai dai waɗannan gidaje gwamnati da makarantu ne suke ciyar da su. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai kamfanonin suka ja baya suka koma ga littattafan makaranta, inda suke da tabbacin ciniki.

A wannan giɓi ne marubutan Kano da kewaye suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwan 'yan'uwansu ba su jira amincewar kowa ba, kuma ƙungiyar marubuta ta Raina Kama sunanta kaɗai ya isa ya nuna yadda aka kalle su da farko. An laƙaba wa aikinsu Adabin Kasuwar Kano, suna ne da ya zo da ƙanshin raini, amma waɗannan littattafai su suka koya wa mata da matasa masu yawa karatun Hausar boko a cikin gidaje. Saboda haka wanda ya buga littafinsa da kansa a yau bai kauce hanya ba. Ya bi hanyar da mafi yawan ƙagaggun labaran Hausa suka bi kusan shekara 40.

Inda nake jin tsoro ga sabon marubuci shi ne wani rukuni na uku da ya shiga tsakani, wato masu maɗaba'a ko dillalan maɗaba'a da ke kiran kansu kamfanin ɗab'i. Gane su ba wuya. Ka tambaya wane ne zai biya kuɗin aikin. Idan aka ce ka kawo kuɗin takarda da na bango da na lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, to kai ne mawallafin littafinka, su kuwa 'yan kwangila ne da ka ɗauka aiki, kuma babu laifi a hakan muddin an faɗi gaskiya. Laifin yana zuwa ne lokacin da ka biya komai, sannan aka miƙo maka takardar yarjejeniya da ke cewa haƙƙin sake buga littafin nasu ne. Lambar ISBN da wasu ke kambamawa kamar wani sirri, Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya, kuma marubuci na iya nema da kansa.

Ni a ganina babban abin da muka rasa da janyewar kamfanonin ɗab'i shi ne mai tace rubutu, kuma na ɗanɗana wannan a jikina. Lokacin da na buga littafina na farko ni ne marubuci, ni ne edita, ni ne mai duba kurakurai, saboda zumuɗi ya hana ni nuna wa kowa. Wanda ya buga mini rubutun a kwamfuta bai damu da haruffa masu ƙugiya ba, ni kuma idona ya saba da labarin har ba na ganin abin da ke kan takarda. Sai da kwafi 1000 suka iso ɗaure a kwali na tarar cewa jarumata, wadda ta dawo daga doguwar tafiya ƙishi ya kama ta, a littafin kishi ne ya kama ta, alhali ko aure ba ta yi ba. Wannan abin dariya ne. Wanda bai ba ni dariya ba shi ne babi uku a tsakiya da ba su ƙara wa labarin komai ba, da wani ɗan'uwan jarumar da na sauya masa suna ban sani ba. Duk wani edita mai tsoron Allah da ya ce mini in cire babobin nan, in rage shafuka, in ma rage kuɗin takarda. Wannan aiki kuwa ba sai ta hannun kamfani ake samunsa ba. Akwai malaman Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi, akwai tsofaffin marubuta a rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, kuma biyan ɗaya daga cikinsu ya fi sauƙi a kan zama da littattafan da kake jin kunyar miƙa wa mutum.

Sai maganar sayarwa, wadda ita ce ke karya gwiwar masu bugawa da kansu. Diloli sun saba karɓar littafi bashi, sai an sayar a biya, kuma marubuci zai yi ta zirga-zirga kasuwa yana karɓar kuɗinsa a gutsure har jarin ya narke a kuɗin mota. Wannan wahala ce ta sa wasu a baya suka riƙa sayar wa 'yan kasuwa rubutunsu ɗungurungum a biya su sau ɗaya, littafi ya karɓu, a yi ta sake buga shi, mai shi na kallo. Yanzu kasuwar ta koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da wasu manhajoji, a ba da farko kyauta, a ce sauran sai an biya. Hanya ce mai arha, kuma tana nuna maka tun da wuri ko labarinka yana riƙe mai karatu. Amma mutum ɗaya zai biya ya watsa a zauruka goma, kuma manhajar kanta ba ta da tabbas, kamar yadda aka gani da manhajar littattafai ta OkadaBooks ta rufe a 2023.

Ban ce a yi watsi da kamfanonin ɗab'i ba. Wanda burinsa littafinsa ya shiga manhajar makarantu, a karanta shi don jarrabawar WAEC ko NECO, kamfani mai tsohuwar alaƙa da makarantu zai fi yi masa amfani, sai dai ya shirya jira mai tsawo. Mai rubutu da Ingilishi ma yana da ƙofofin da za a ƙwanƙwasa, irin su Cassava Republic da Parrésia da Masobe, kuma ta irin wannan hanya Abubakar Adam Ibrahim ya kai ga kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016. Mai rubutun Hausa kuwa gasa ce ta fi kusa da maye gurbin wannan ƙofa, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ko da yake ita ta gajerun labarai ce.

Abin da na sake rubuta wa ƙanwar tawa shi ne ta buga da kanta, amma kada ta kusanci maɗaba'a sai bayan wata uku. Ta ba mutum biyu rubutun, ɗaya masanin ƙa'idojin rubutu, ɗaya makarancin da ba ya jin nauyinta, ta fara da kwafi kaɗan, kuma duk takardar da za ta sa wa hannu ta tabbata haƙƙin mallaka yana wurinta. Ta amsa da cewa har ta riga ta biya mai zanen bango. Na ce mata bangon zai iya jira, ta fara turo mini babi na ɗaya.