Marigayiya Ba Kishiya Ba Ce: Gyaran Da Labaran Soyayyar Masu Rashi Ke Buƙata

Akwai wani rukuni na ƙagaggun labaran soyayya da masu karatu ba sa gajiya da shi a kowane harshe aka rubuta shi, wato labarin magidancin da matarsa ta rasu ta bar masa ƙananan yara, ko matar da mijinta ya kwanta dama ya bar ta da marayu, sannan bayan wani lokaci wani mutum ya shigo rayuwarsu har zuciyar da aka ɗauka ta rufe ta sake buɗewa. Na karanta irin waɗannan labarai da yawa, kuma ina cikin masu kare su duk lokacin da aka raina su, domin mutanen da suke magana a kansu suna nan birjik. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ware ranar 23 ga Yuni domin tunawa da matan da mazansu suka rasu, ta ƙiyasta yawansu da kimanin miliyan 258 a faɗin duniya. Ba a ma lissafa maza da yaran da aka bari ba. Da yawa daga cikin masu riƙe da littafin da dare, labarin kansu suke karantawa.

Saboda haka ne wani abu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Marubuta da dama suna ɗaukar wanda ya rasu tamkar shingen da dole a ture kafin masoya su haɗu. Wani lokaci sai a gina labarin yadda kololuwarsa za ta zama ranar da jarumin ya sauke hoton marigayiya daga bango, ya tattara kayanta ya fitar, a nuna mana cewa ya warke ke nan. Wani lokaci kuma, kuma wannan ya fi muni, sai a tono wani asiri a tsakiyar littafi, a ce ashe marigayin maci amana ne, ko ashe auren bai taɓa daɗi ba, domin kawai a sauƙaƙa wa jarumar ta so wani ba tare da mai karatu ya zarge ta ba. Ana ɓata sunan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba domin a wanke wadda ba ta yi laifin komai ba tun farko.

Ina ganin tushen wannan kuskure shi ne tunanin cewa alhini tsani ne da ake hawa mataki bayan mataki har a kai ƙarshe. Matakai biyar ɗin nan da suka shahara, daga ƙin yarda zuwa sallamawa, likita Elisabeth Kübler-Ross ce ta fito da su a 1969, kuma ta samo su ne daga hirarta da marasa lafiyar da ke fuskantar mutuwar kansu, kafin daga baya a ɗora su a kan waɗanda aka yi wa rashi. Masana sun yi nisa tun daga lokacin. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht suka bayyana cewa mai rashi yana kai da komo ne tsakanin kewa da gyara rayuwa, yau ya yi kuka, gobe ya yi dariya da yaransa, jibi kewar ta dawo sabuwa. Kafin su, a 1996, Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman sun nuna cewa mutane da yawa ba sa yanke alaƙa da mamacinsu, suna ci gaba da riƙe shi a zuci, kuma hakan ba ciwo ba ne.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai rashi ya san gaskiyar wannan. Ga matar da ta sake aure shekara uku, tana ƙaunar mijinta na yanzu har cikin ranta, amma lambar marigayi tana nan a wayarta, da wani gajeren saƙon murya inda yake ce mata ya kusa isowa gida. Ba ta saurarensa kullum, sai dai ba za ta taɓa goge shi ba. Marubucin da ya sa sabon mijin ya ci karo da saƙon, ransa ya ɗan sosu, sannan ya mayar mata da wayar bai ce uffan ba, ya nuna mana soyayyar da ta fi ta shafi ɗari na kalaman zuma.

Inda aka fi yin sakaci shi ne wajen yara. A labarai da yawa yaron kayan ado ne kawai, ana fito da shi ya faɗi magana mai ban dariya, ya haɗa babansa da sabuwar budurwa, ya fara kiranta Mama tun kafin a kai babi na goma. Binciken da J. William Worden da Phyllis Silverman suka jagoranta a Jami'ar Harvard, inda suka bibiyi yara 125 daga iyalai 70 na tsawon shekara biyu bayan rasuwar uwa ko uba, ya gano cewa halin da mahaifin da ya rage yake ciki na daga cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda yaron zai kasance, kuma damuwar wasu yaran ba ta bayyana sosai sai a shekara ta biyu, lokacin da kowa ya ɗauka komai ya wuce. A daidai wannan lokacin ne kuma labaran suke shigo da sabuwar soyayya. Yarinya 'yar shekara tara da ta ƙi yarda matar uba ta taɓa mata gashi ba fitsara take yi ba, tsoro take ji kada hannun mahaifiyarta ya ɓace mata daga tunani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma marubucin da bai shiga ɗakin wannan yarinya ya zauna ba, bai gama aikinsa ba.

Akwai kuma rashin adalcin da labaran suke kwafowa daga rayuwa ba tare da sun tuhume shi ba. Namijin da ya nemi aure da wuri ana tausaya masa, a ce yara na buƙatar uwa, mace kuwa sai an sa ta yi ta ba da haƙuri ga dangin miji da maƙwabta da zuciyarta kafin a yarda ta yi murmushi.

Na san za a ce labarin soyayya wurin hutu ne, kuma mai karatu ya zo ne domin ƙarshe mai daɗi. Na yarda da haka ɗari bisa ɗari, kuma ba na neman a mayar da waɗannan littattafai zaman makoki. Wadda ta rasa mijinta tana da haƙƙin ta karanta cewa farin ciki na iya sake ƙwanƙwasa mata ƙofa. Abin da nake roƙo shi ne a ba ta wannan farin cikin ba tare da an nemi ta biya da mantuwa ba. Ina so in karanta babin ƙarshe inda hoton yake nan a bango, amarya ta goge masa ƙura da hannunta, sannan ta zauna kusa da yarinyar ta ce mata, “Ki koya mini irin kitson da mamanki take yi miki.”