Ƙannena masu farar riga, ku zo mu yi magana

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena da ke makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya, da ku da kuka gama kuka buɗe ɗan kemis a unguwa har an fara ce muku dakta kuna amsawa.

Da yawanku ba a haife ku ba a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi wa Arewa ɓarna, mutane dubbai suka tafi. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Kano, a asibitin zana, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara wajen 200. Rabi aka ba su Trovan ɗin, rabi aka ba su ceftriaxone wanda dama an san shi, sai dai ba a cika musu adadin da aka saba bayarwa ba. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki. Kamfanin ya ce aikin cutar ne ba na magani ba, kuma a yi adalci, sanƙarau yana barin irin wannan tabo. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne iyayen sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka taimako ne ya zo, alhali a cikin asibitin nan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna can suna ba da maganin da aka riga aka tabbatar da shi. Ita kuwa takardar amincewar da aka nuna, daga baya ta fito fili cewa sai da aka gama komai aka rubuta ta aka mai da kwanan wata baya, kuma ba Bature ne ya rubuta ba, namu ne na gida.

An yi ta shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. To kuɗi dai an biya, yarda fa? A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, duk majalisar da ka zauna sai an kawo maganar yaran asibitin zana a matsayin hujja, aka kusa shekara ba a ɗiga wa yara ba, cutar ta sake tashi ta tsallaka ƙasashe har Indonesiya. Yaran da suka gurgunce a lokacin ba su taɓa ganin Trovan ba, amma da rabonsu a ciki.

Na san wani zai ce to ni ina ruwana, ni ba kamfani ba ne. Da ruwanka mana. Uwar da ta shigo kemis ɗinka da yaro a goye jikinsa zafi rau, ita ma ba ta san me ke cikin sirinjin ba, kai ta yarda da shi. A layinmu akwai wani yaro, yanzu ya kai shekara tara, yana jan ƙafar hagu, takalmin wannan ƙafar kullum gefe ɗaya yake cinyewa. Zazzaɓi ne kawai ya kama shi yana ƙarami, aka kai shi wajen wani mai kemis ya soka masa allura a ɗuwawu ba a inda ya kamata ba, ta taɓa jijiya. Da ƙwaya ko sirof aka ba shi da ya wadatar, amma uwar ta nace ita allura take so saboda wai ta fi saurin aiki, shi kuma ya ga kuɗin allura sun fi. Har yau in ka ji ta tana ba da labari cewa take ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, sai dai mai allurar ya san abin da bai koya ba.

Malamai sun kawo hadisi, yana cikin Abu Dawud, cewa duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba to shi ke da lamuni, wato in ya ɓata sai ya biya. Ga kuma la darara wa la dirara, wato ba cuta ba cutarwa, da muka haddace tun a Islamiyya. Don haka kar wani ya ce wannan ƙa'idar Turawa ce.

Kuma cutarwa ba sai an mutu ba. Mai olsa ya zo da ciwon baya ka loda masa diclofenac, maganin ciwo mai tayar da olsa, ba ka ko tambaye shi ba. Kowane zazzaɓi ka ce taifod da maleriya ne ba gwaji, ka rataya ƙarin ruwa a bayan kanta. Mace ta zo ba ka tambayi ko tana da ciki ba ka rubuta. Sai kuma sabon salon da ya shigo, a ɗauki hoton mara lafiya yana kwance ko na mai haihuwa a ɗora a WhatsApp ko TikTok da rubutun Allah ya ba shi lafiya, wa ya ba ka izini? Ko ka ga sakamakon gwajin ƙanjamau na ɗan unguwarku kafin magariba labari ya kai majalisa, aure ya mutu, kai kana ganin hira ka yi.

Abin da na lura ya fi yi mana nauyi a baki shi ne mu ce wannan ya fi ƙarfina, ku wuce babban asibiti. Kunya muke ji kar a ce dakta bai iya ba, sai mu riƙe mara lafiya kwana uku muna canja masa allura, sai ya galabaita sannan mu ce a nemo mota. In yaro ya shigo yana jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko mai jego tana zubar da jini, rubuta abin da ka ba su da lokacin da ka bayar a takarda, ka miƙa wa ɗan rakiya, ka fita da kanka ka tare musu adaidaita.