Nasiha Ga Matasanmu Masu Shiga Hamadar Anza-Borrego Da Mota

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda karatu ko neman abinci ya kai ku jihar Kalifoniya ta Amurka, idan wata rana kuka haɗa kuɗi kuka ɗauki hayar jif domin fita shan iska a gandun hamadar Anza-Borrego, ina roƙonku da ku riƙe abu guda: kada tayar motarku ta sauka daga hanyar da aka shata. Wurin ya cancanci ziyara ƙwarai, domin shi ne mafi girma a cikin gandayen da gwamnatin jihar ke kula da su, faɗinsa ya kai eka wajen 600,000, an kafa shi a shekarar 1933, kuma tafiyar kusan awa biyu ce daga birnin San Diego. A cikinsa akwai hanyoyin ƙasa masu tsawon kimanin kilomita 800 da aka yarda mota ta bi, saboda haka babu wanda zai ce ƙuncin hanya ne ya sa shi kutsawa cikin daji.

Abin da ke ruɗar matashi shi ne ganin fili fetal, ba gona, ba shinge, ba kowa, sai zuciya ta raya masa cewa babu abin da zai lalace idan ya murza sitiyari ya ta da ƙura. Wannan tunani kuskure ne babba. A wurare da yawa saman ƙasar hamada yana da wani siririn ɓawo mai rai, wanda gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani suka saƙa a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma shi ne ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta, shi ne ke tsare ɗan danshin da iri ke buƙata kafin ya tsiro. Taya ɗaya tana murƙushe shi cikin ƙiftawar ido, amma warkewarsa kan ɗauki gomman shekaru. Har yau ana ganin sawun tankokin yaƙin da sojojin Janar Patton, wani kwamandan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, suka yi atisaye da su a hamadar Kalifoniya tun daga 1942. Mafi muni kuma, sawun mota ɗaya gayyata ce ga na baya, domin direban da ya zo gobe zai ɗauka hanya ce, shi ma ya bi, ruwan sama ya zo ya zaizaye wurin ya mai da shi kwazazzabo. A wannan ƙasar ce irin furanni ke kwance shekara da shekaru suna jiran ruwa, irin waɗanda suka rufe filin gaba ɗaya a 2017 da 2019 har mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo.

Sai batun dabbobi, wanda ya fi taɓa mini zuciya. A tsaunukan gandun akwai tumakin dutse masu manyan ƙahoni, waɗanda gwamnatin Amurka ta saka cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1998. Lokacin tsananin zafi, sa'ad da ma'auni kan haura digiri 43, rayuwarsu tana rataye ne a kan 'yan maɓuɓɓugan ruwa ƙalilan, kuma ƙarar inji kaɗai ta isa ta hana su saukowa su sha. Dalilin da ya sa ke nan ake rufe kwarin Coyote Canyon daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba kowace shekara. Mu da aka raine mu a kan sanin ladan shayar da dabba mai ƙishirwa, bai kamata a same mu muna zagaye shinge mu kore ta daga bakin ruwa don neman hoton da za mu ɗora a Facebook ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san abin da mota kan yi wa hamada: bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar rairayi tana zama alama ga ayari, babbar mota ce ta buge ta a 1973, yanzu gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai.

Ban ce sha'awar gudu a kan rairayi laifi ba ce. Wanda jininsa ke tafasa yana son tsalle da babur mai ƙafa huɗu, an ware masa wuri a maƙwabtaka, wato Ocotillo Wells, fili mai eka kusan 85,000 da hukuma ta keɓe domin wannan wasa. A cikin Anza-Borrego kuwa, motar da ke da lamba da izinin hawa titi ce kawai aka yarda ta shiga, kuma idan za ku tsaya ko ku kwana, kada ku nisanta daga gefen hanya fiye da tsawon mota ɗaya, kada kuma ku ajiye ta a kan tsirrai.

Ku kula da wuta. Ba a hura ta a kan ƙasa, sai a cikin mazubin ƙarfe, kuma mai ita ne zai tafi da tokarsa. A watan Janairun 2020 gobara ta kama wani kurmin dabinon daji a kwarin Borrego Palm Canyon, itatuwa masu faffaɗan ganye kamar na giginya, wurin da matafiya suka fi so a gandun. Haka nan zanen da ke jikin duwatsun Blair Valley da ramukan da matan ƙabilar Kumeyaay suka daka abinci a cikinsu gadon mutane ne waɗanda jikokinsu ke raye, saboda haka ba a rubuta suna a kai, ba a ɗauke ko tsingaro ɗaya. Kafin ku shiga, ku biya ta ofishin baƙi da ke garin Borrego Springs ku tambayi halin da hanyoyi ke ciki, ku ɗauki ruwan sha fiye da yadda kuke zaton za ku buƙata, ku sanar da wani inda za ku da lokacin dawowarku domin waya ba ta kamawa a wurare da yawa, kuma idan kuka hango hadari a kan tsauni, ku fice daga cikin busasshiyar ƙorama nan take, domin ambaliya kan sauko ko da ɗigo ɗaya bai faɗi a inda kuke ba.