Gyaran tsofaffin taragu ba ɓarnar kuɗi ba ce

Na ji labarin masu gyara tsofaffin taragun jirgin ƙasa na fasinja don su koma aiki, kuma ya faranta mini rai. Masu cewa ɓarnar kuɗi ce su dubi jirgin ƙasa mai suna Venice Simplon-Orient-Express a Turai. Taragunsa na shekarun 1920 da 1930 ne, aka tattaro su aka gyara, suka koma kan dogo a 1982, har yau suna aiki. Kuma gyaran ya wuce fenti, sai an sabunta birki da wayoyin lantarki, a kankare katako, a goge tagulla da hannu. Ga daɗin tafiya, ka miƙe ƙafa, ka zagaya, kana kallon gonaki da duwatsu ta taga. Tsadar tikiti ce ke damuna. Don Allah a ware wasu taragun don gajerun tafiye-tafiye, masu ƙaramin ƙarfi da yaransu su ma su shiga.