Zomon Kwalba

(Garwa, ƙasar Kamaru, da hantsi. Iya na kankare tukunya da toka, 'Yar Boko ta fito da buhu.)

IYA: Kishiya, yaji za ki yi ne da wannan buhu?

'YAR BOKO: Bola zan kai. Mayukan bilicin ɗin Anti ne. Tun 2022 ma'aikatar lafiya ta hana shigo da masu sinadarin haidurokinon, ita ko a jikinta. (ta ɗaga wata kwalbar mai, mai hoton zomo) Daga yau gidan nan sai irin wannan.

IYA: Miƙo in gani. A'a, man zomo! Zomo nawa aka matse kafin kwalba ta cika?

'YAR BOKO: Kai, Iya! Hoton nan shaida ce ba a gwada shi a jikin dabba ba. Da can a idon zomo ake ɗiga sabon sabulu, a ga ko zai yi ja. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan shafan da aka gwada haka tun 2013.

IYA: Allah sarki, zomo ya yi gata. Nawa kika saya?

'YAR BOKO: Sefa dubu 12.

IYA: Innalillahi! Karanto min abin da ke ciki.

'YAR BOKO: Karite ne zalla.

IYA: (ta sunsuna) Karite ko man kaɗanya? Ja'ira! Ga shi can cikin ƙwarya, na dala ashirin ya kai ki sati. Ya je Faransa ya koyo yare, ya dawo yana min yanga. To tunda kin shiryu, ga sabulun salo, ga lalle, ga garin shebe da man karkar da aka aiko min daga Njamena. Gashi har gadon baya.

'YAR BOKO: Karkar akwai kitse a ciki. Humrarki ma da farce ake haɗa ta, shi kuma daga jikin dodon koɗin teku ake ciro shi. Ba na so.

IYA: Kitsen da kika cinye a soyen ragon layya fa, har kina lashe yatsa?

'YAR BOKO: Wannan ci ne, ba shafawa ba.

IYA: Oho, ciki halas, kai haram.

'YAR BOKO: To naki haɗe-haɗen, a kan wa kika gwada?

IYA: Wallahi ban taɓa cutar bawan Allah zomo ba. Shekara 40, duk abin da na daka, a kan Malam nake fara gwadawa.

MALAM: (ya leƙo daga zaure, ya cire hula, sanƙo na ƙyalli) Amaryata, ki tambayo min Turawan nan. Ni wace kwalba za a sa hotona?